Godiya ta musamman ga wani ɗan shagon kayan fatsa a Yokshaya, arewacin Ingila

Assalamu alaikum. Na san masu shagon nan ba Hausa suke ji ba, amma dai sai na rubuta, ko don 'yan'uwa da ke Leeds da Bradford su san akwai inda har yanzu ake ɗaukar kwastoma a matsayin mutum.

Ni da wani abokin aikina ne muka shirya zuwa kamun kifin tirawut a kogin Wharfe ƙarshen Maris, in sanyi ya ɗan sassauta, irin kamun nan da ba a sa tana, sai ƙwaron bogi da ake ɗaurawa da zare da gashin tsuntsu a jikin ƙugiya. Wallahi kafin in faɗo wannan shagon na sha takaici. Manyan shagunan nan masu fitilu ko'ina, ka shiga ka yi tambaya yaro yana danna waya ko ɗago kai bai yi ba ya ce maka komai yana intanet, wani kuma da ya ji sabon shiga ne ni sai ya ja ni wajen sandar fatsa mafi tsada yana ta zuba, babu wanda ya tambaye ni wane kogi za ni balle ya yi min maganar lasisi.

Dattijon da na samu a kanta, Allah ya saka masa, tambayarsa ta farko ita ce wane kogi kuma yaushe. Ya ce a Yokshaya sai 25 ga Maris ake buɗe kamun tirawut na kogi, a rufe 30 ga Satumba. Ya ce in fara yankar lasisin kamun kifi na Environment Agency, wato hukumar kula da muhalli, duk wanda ya kai shekara 13 sai da shi a Ingila kuma tarar tana iya kai fam 2,500, sannan lasisin ba shi ne izinin shiga ruwa ba, kowane yanki na kogin da masu shi, sai ka sayi tikitin yini a wajensu, kamar yadda ake sayarwa a Bolton Abbey da ke bakin kogin. Har ya ƙara da cewa in kifin grayling ya faɗa mana mu mayar da shi ruwa, don daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni a rufe kamunsa yake.

Da na ce da asuba za mu fita sai ya yi dariya, wai in ci karin kumallona a natse, ruwan yana da sanyi sosai a lokacin, kifi ba ya tasowa sai wajen sha biyu zuwa biyu na rana in ƙwarin da suke kira Large Dark Olive sun fara fitowa saman ruwa. Ni kam nan take na fara lissafin azahar a zuciyata. Ya jawo wani ɗan akwati ya zuba min ƙwarin bogi a tafin hannu, Waterhen Bloa mai ruwan toka da Partridge and Orange mai zaren ruwan lemo, 'yan mitsi-mitsi kamar ba za su kama komai ba, ya ɗauki filaya ya danne min haƙorin ƙugiyar don kar a ji wa kifi ciwo wajen saki. Sandar da na ɗauko da kaina ya karɓe ya mayar, ya kawo wata ta hannu mai tsawon ƙafa 9 ya ce ta ishe ni. Mai shago fa! Abu ɗaya da ya nace sai na saya shi ne sandar dogarawa a cikin ruwa, kuma ya ja min kunne sosai kan wajen da ake kira Strid, inda kogin ya matse tsakanin duwatsu, ya ce ya ci mutane, ko tsallake shi kar mu gwada. In an kwana ana ruwa kuma mu duba tsayin kogin a shafin gwamnati tukuna, in ya koma kalar shayi da madara mu zauna a gida.

Sauran kaya an haɗa min, na biya, shi ke nan. Na gode ƙwarai da gaske, Allah ya ƙara kasuwa.

Abin da ke ci min rai shi ne me ya sa sauran wurare ba za su iya haka ba? Nan ƙasar ka kira ofis na'ura ta yi ta sa maka kiɗa har kuɗin wayarka su ƙare, in ka samu mutum ya tura ka wani sashe. Can gida kuma ka yi sammako ka bi layi a ce oga bai shigo ba ka dawo gobe, goben ka zo a ce fayil ɗinka ya ɓata, kuma mai faɗa maka haka ko kallonka ba ya yi.