Wasiƙar godiya ga shagon waldar da ya taimake ni na tayar da jirgin ruwan mahaifina

Zuwa ga maigidan shago da dukkan ma'aikatansa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku, ina yi muku barka da aiki.

Maigida, na san ba ka son a riƙa ambatonka, shi ya sa ban sa sunanka ko na shagon ba. Amma ka yi mini haƙuri, wannan godiya ta fi ƙarfin in tsaya a bakin ƙofa in faɗe ta a tsaitsaye. Na rubuto ta a bainar jama'a ne domin akwai irina da yawa, masu ƙaramin jirgin alminiyum a ajiye a bayan gida, suna ta shawarar ranar da za su taɓa shi da hannunsu. Ina so su ji irin mutanen da ya kamata su nema kafin su ɗauki guduma.

Jirgin na mahaifina ne, Allah ya jiƙansa. Tsawonsa ƙafa 14, wato mita huɗu da 'yan kai, irin wanda aka haɗa da ƙusoshin ribit, masu kai biyu da suke matse falle da falle, ba da walda ba. A cikinsa na koyi jefa fatsa, a cikinsa na koyi yin shiru idan kifi ya fara taɓa ƙugiya. Bayan rasuwarsa jirgin ya yi shekaru a gindin bishiya, ruwan sama yana taruwa a ciki, ganye yana ruɓewa. Ranar da na yanke shawarar tayar da shi, na zo wurinku da tsarina a takarda: a bi duk inda aka haɗa falle da falle a yi masa walda, a yanke bencin tsakiya a fitar, a gina dandamali mai tsayi wanda mutum zai tsaya a kai ya yi jifa. Babban aiki ne na kawo muku, kuma a shirye nake in biya. Ka karɓi takardar, ka duba ta a natse, ka mayar mini, sannan ka ce, "Malam, kada ka kawo jirgin tukuna. Je ka ka tambaye shi inda yake masa ciwo."

Ka koya mini yadda ake tambayar. A ɗora jirgin a kan katakai masu ƙarfi yadda nauyinsa zai rabu daidai, a zuba masa ruwa a ciki, a kwanta a ƙasa da alli a hannu ana duba inda ɗigo yake fitowa. Ka ja mini kunne cewa kada ruwan ya wuce taƙi ɗaya, domin kowace lita kilo guda ce, kuma an ƙera jirgi ne don ruwa ya tallafe shi daga waje, ba don ya riƙe ruwa kamar randa ba. Na yi yadda ka ce. Na zagaye ƙusa 23 da alli, na kuma gano tsaga guda ɗaya a kusurwar baya, kusa da inda inji yake zama. Iyakar ciwon fallen ke nan. Sauran jikin lafiyarsa lau.

Da na dawo da wannan labari, ka ce ƙusoshin ba aikinku ba ne, nawa ne. Fallen jirgin bai kai kaurin milimita biyu ba. In aka bi shi da wuta zai lanƙwashe, kuma zafin zai ƙone gam ɗin da ke tsakanin haɗin, a toshe rami ɗaya a buɗe goma. Maganin ƙusar da ta yi sako-sako shi ne mutum ɗaya ya danna mata ƙarfe mai nauyi ta gefe guda, ɗayan ya riƙa bugunta a hankali ta ɗaya gefen har ta sake kama jikinta. Ka turo mini ƙaramin yaronka da yamma bayan an tashi aiki. Ya nuna mana a kan ƙusa uku, ya miƙa wa babban ɗana ƙarfen, ya ba ni gudumar, ya koma gefe yana sauraron ƙarar bugun. In na yi ƙarfi da yawa sai ya ce, "Baba, a hankali, ba a faɗa da ita." Waɗanda suka ƙi kamawa muka huda su muka fitar, muka sa sababbi na alminiyum da suka ɗan ɗara su kauri. Wannan yaro yana da ladabi da haƙurin koyarwa, ka riƙe shi da kyau.

Tsagar nan kaɗai kuka karɓa, kuma a nan na ga bambancin mai walda da gwanin walda. Ka bar ni na tsaya daga nesa, da gilashin kare ido. Kafin a kunna wuta an fi rabin sa'a ana shiri. An huda ɗan ƙaramin rami a kowane ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba da tafiya, an kankare fenti, an wanke maiƙo, an goge wurin da burushin ƙarfe marar tsatsa wanda ka ce bai taɓa taɓa wani ƙarfe ba sai alminiyum. Na tambayi dalilin wannan wahala, ka ce alminiyum yana narkewa a digiri 660 a ma'aunin Salsiyas, amma siririyar fatar da iska take yi masa a sama ba ta narkewa sai an haura digiri 2,000. In ba a kawar da ita ba, na ciki zai narke ya zube alhali fatar tana nan. Ga shi kuma ba ya yin ja kamar baƙin ƙarfe balle ya gargaɗe ka; yana nan fari fat har lokacin da zai ɓurme. Da injin walda irin na TIG, da gas ɗin agon mai kare ɗinki daga iska, da sandar ciko ta alminiyum mai lamba 5356 babban ma'aikacinka ya bi tsagar, hannunsa ko rawa ba ya yi. Da ya ɗaga, ɗinkin ya fito a jere, sumul, fallen bai ko motsa ba.

Sai maganar allon baya, wanda yake ɗaukar inji. Katakon da ke ciki ya ruɓe har ana iya tura yatsa. Na riga na sayo katako mai magani, irin mai launin kore-kore da ake cewa ruwa da gara ba sa cinsa, ina ganin na yi dabara. Allah ya sa na ambata maka. Ka shiga ciki ka fito da wani guntun falle da aka ciro daga wani jirgi, duk ya yi ƙananan ramuka kamar an yi masa zanzana, ga farin gari a kai. Ka ce wannan aikin irin katakon ne. Maganin da ake dafa shi da shi yana ɗauke da jan ƙarfe, kuma duk inda jan ƙarfe ya haɗu da alminiyum a cikin danshi, alminiyum ne yake cinyewa, sannu a hankali, a ɓoye, a wurin da ido ba ya kaiwa. Haka ma noti na tagulla, haka fentin ƙasan jirgi mai jan ƙarfe a ciki. Da ban faɗa maka ba, da na rufe cutar a cikin jirgin da hannuna, in yi mata fenti mai kyau a kai. Har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi.

Da shawararka na yanko filawud mai jure ruwa falle biyu, na manne su, na shafe ko'ina da gam ɗin efoksi, na fi ba gefuna ƙarfi tunda ta nan katako yake shan ruwa. Ramukan noti na huda su da faɗi, na cika da efoksi, da ya bushe na sake hudawa daidai, yadda noti ba zai taɓa tsiraicin katako ba. Notin na ƙarfe marar tsatsa ne, da washa ta roba tsakaninsa da jikin jirgi. Ka kuma tuna mini in auna tsayin allon kafin in yanka, domin injunan rataye suna zuwa da gajeriyar ƙafa ta inci 15 da doguwa ta inci 20, kuma in tsayin bai dace ba farfela za ta riƙa shaƙar iska ko ta nutse fiye da kima.

Inda muka yi jayayya ta gaske shi ne bencin tsakiya da dandamali. A nan na ji haushi, ba zan ɓoye ba, domin wannan ne ɓangaren da na fi ƙwallafa rai a kai. Ka ce ba za ka yanke bencin ba ko nawa zan ba ka. Bencin ba wurin zama ba ne kawai, shi ne yake ɗaure gefen dama da na hagu. In aka cire shi ba a sa wani abu a madadinsa ba, jikin jirgin zai riƙa murɗawa a kan igiyar ruwa, ƙusoshin da muka sha wahalar gyarawa su sake saki. Sannan a cikin cikinsa akwai soso, wanda aikinsa shi ne ya hana jirgin nutsewa ƙasa in ruwa ya cika shi, mutanen ciki su sami abin riƙewa. Ka tambaye ni su wa zan riƙa ɗauka. Na ce 'ya'yana. Ba ka ƙara cewa komai ba, ka dube ni kawai.

Game da dandamali kuwa, ba ka tsaya yi mini dogon bayani ba. Ka ce in kai jirgin inda ruwa bai wuce gwiwa ba, in shimfiɗa katako a kan bencina, in hau in tsaya, in juya kamar zan yi jifa. Gani ya kori ji. Ina karkata kaɗan jirgin ya bi ni, bakinsa ya kusa shan ruwa. Da na sauko na tsaya a ƙasansa, sai ya natsu. Jirgi mai ƙaramin faɗi ba ya son nauyi a sama, kuma kowane inci da aka ɗaga mutum ana rage masa natsuwa ne. Na dawo na ba ka haƙuri, ka ce ba komai, muka zauna muka sake zana tsarin tare. Daɓe ya zauna ƙasa-ƙasa a kan sandunan alminiyum masu kusurwa, waɗanda kuka yanka mini daidai awo na je gida na ɗaure da kaina. A gaba aka yi ɗan ƙaramin dandamali da bai kai tsayin benci ba, da ma'aji a ƙarƙashinsa don igiya da anga da rigunan ceto. Batir ya koma tsakiya don kada baya ya yi nauyi, tunda can inji da tankin mai da matuƙi suke.

Da na buɗe bencinan na tarar tsohon soson ya sha ruwa ya yi nauyi kamar jiƙaƙƙiyar katifa. Na kwashe shi duka na sa sabo, irin wanda ba ya tsotsar ruwa. Kuma na bi umarninka na ɗora duk abin da zan ƙara a kan sikeli kafin ya shiga jirgi. Jimillar ta kama kilo 41, na cire ta daga nauyin da maƙeran jirgin suka buga a ɗan allon da ke manne a baya. Wannan lissafi ya nuna mini cewa mutum uku ne iyakarmu, ni da yara biyu, ba huɗu ba kamar yadda na so. Na karɓi hakan.

Wayar lantarki ba ta ɗauke mu lokaci ba. Ka ce kada in yi irin ta mota, inda jikin mota yake zama waya ta biyu. A jirgin alminiyum kowace fitila da wayarta biyu, mai zuwa da mai komawa batir, da fis kusa da kan batir. Fenti ma haka: samfefa, wanki, shafin farko irin mai kama alminiyum, sannan launi. Na mayar masa da koren da mahaifina ya san shi da shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, a duk zuwan da na yi, kuma na zo ya fi sau goma, kuɗin waldar tsaga ɗaya da yankan sanduna kaɗai kuka karɓa. Sauran duk ilimi ne kuka ba ni kyauta, alhali da kun yi shiru kun bi takardata ta farko da kun sami aikin makonni. Ban taɓa zuwa na ga an ɗaure mini fuska ba, ko a lokacin da aiki ya yi muku yawa. Kuma ba ku ƙwace aikin daga hannuna ba. Kun gane cewa so nake in gyara jirgin mahaifina da kaina, ni da 'ya'yana, kuka tsaya a gefe kuna tare mu daga kuskuren da zai iya cin rai.

Mun sa shi a ruwa makon jiya da sassafe, kowa da rigar cetonsa. Muka yi sa'a biyar. Na tafi da gwangwanin kwarfe ruwa saboda sabo, har muka dawo yana nan a bushe. Ƙaramin ɗana ya zauna a kan bencin nan na tsakiya, daidai inda nake zama ina yaro, a nan ya kama kifinsa na farko.

Maigida, Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi, ya tsare hannuwanku da idanunku daga sharrin wuta. A miƙa gaisuwata ga babban ma'aikacin da ya ɗinke tsagar, da yaron da ya koya mana bugun ƙusa. Ɗana yana tambayarsa kullum. Wuri ɗaya yana nan a jirgin ranar da duk ka sami sarari, fatsa ma akwai ta biyu.

Naku mai godiya,
mai koren jirgin ƙafa 14