A rage ƙarar lasifika, amshi ne ke haɗa jama'a

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A ba mu ɗan fili mu yi magana kan waƙar taro a unguwannin Hausawan Legas, daga Agege har Idi-Araba da Mile 12. Basakkwace da Badamagare da mutumin Jos kan shekara a layi ɗaya, gaisuwa kawai ke haɗa su. Amma a majalisin yabon Annabi, ko wajen Zumuntar Mata a coci, amshi ɗaya kan sa su saba. To amshin nan ne lasifika ke neman cinyewa.

Mai ja baki ya riƙe makirufo, a ƙure masa ƙara, jama'a su daina jin muryoyinsu, sai kowa ya ja bakinsa ya koma ɗan kallo. Mutum 20 zuwa 30 a cikin ɗaki ba su buƙatar lasifika sam. In taron ya fi haka, makirufo ɗaya ya isa, kuma a ajiye lasifikar gaban mai ja baki, don in tana bayansa sautin kan koma cikin makirufo, ta yi ta ƙugi mai huda kunne. Ga kuma LASEPA, hukumar kare muhalli ta Jihar Legas, wadda ta sha rufe wuraren ibada saboda hayaniya.

Zama ya zama rabin da'ira, kowa na ganin bakin ɗan'uwansa, a raba masu ƙarfin murya tsakanin masu jin kunya. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗauko waƙa da sama. Kafin baiti na uku maƙogwaro ya ƙi, dattawa su fara zamewa. A fara da muryar da ake hira da ita, a gwada layin da ya fi hawa tukuna. Tafi kuma sauri yake jawowa. A ba mutum ɗaya riƙon kari, da tulu ko bandiri, sauran su bi shi.

Kada amshi ya wuce layi biyu, a maimaita shi har baƙo ya kama ba tare da takarda ba. Yaran da aka haifa nan kan gajarta dogon wasali, su ce k a wurin ƙ, karin waƙa ya karye. Kada a yi musu dariya, in an yi ba za su dawo ba. A karanta musu baitin da baki sau biyu kafin a rera.

Bita sau ɗaya a mako, awa ɗaya da rabi, ta wadatar. A sa ta inda yawanci za su iso da ƙafa, don wanda ya sha cunkoson Ikorodu Road sau biyu ba zai zo na uku ba.

Daga wasu masu koyar da waƙar taro,
Agege, Legas