Wasiƙar Godiya ga Majalisar Gundumar Kilkenny kan Lambun Woodstock

Zuwa ga Shugaban Majalisar Gundumar Kilkenny
da dukkan ma'aikatan Lambun Woodstock,
Inistioge, ƙasar Ailan.

Masu girma,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto wannan wasiƙa ne a bainar jama'a domin in gode muku bisa irin kulawar da kuke ba Lambun Woodstock, kuma na yi ta da Hausa ne saboda 'yan'uwana da ke zaune a Ailan, da masu niyyar zuwa ziyara, su san da wannan wuri, su kuma san waɗanda ke ɗauke da nauyinsa.

Na zo tare da iyalina, har da mahaifina wanda ya manyanta, a cikin wata tafiya da muka yi da mota a kudu maso gabashin ƙasar. Daga birnin Kilkenny muka bi hanyar Bennettsbridge da Thomastown, wadda ke bin kwarin kogin Nore, har muka iso Inistioge bayan kimanin kilomita 25. Ƙauye ne ƙarami mai natsuwa, da dandali mai inuwar itatuwa a tsakiyarsa, da gadar dutse mai ƙofofin ruwa 10 wadda aka gina a ƙarni na 18, da kuma ragowar ginin da Thomas FitzAnthony ya kafa wa Kiristoci masu zaman ibada na ɗariƙar Agustin a farkon ƙarni na 13. Tasirin cikar teku da janyewarsa yana isowa har wannan ƙauye ta cikin kogin, ko da yake tekun yana da nisa sosai daga nan. Duk wannan ya isa ya tsayar da matafiyi, amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da muka tarar a kan tudun da ke saman ƙauyen, wato Lambun Woodstock.

Tarihin Woodstock ba mai daɗi ba ne gaba ɗaya, kuma kun fi ni sanin haka. An gina babban gidan ne tsakanin 1745 da 1747 domin Sir William Fownes, daga baya ya koma hannun zuriyar Tighe ta hanyar aure. Kanar William Tighe da matarsa Lady Louisa ne suka mayar da filin ya zama lambun da aka sani a yau, tsakanin 1840 da 1900, inda suka sa aka kawo musu irin itatuwa daga nahiyoyi masu nisa. A lokacin yaƙin neman 'yancin kan Ailan, dakarun da Birtaniya ta turo domin taimaka wa 'yan sandanta sun mayar da gidan sansaninsu, sannan a 1922 aka banka masa wuta a cikin yaƙin basasa. Daga nan lambun ya zama daji, ciyawa da sarƙaƙiya suka rufe hanyoyinsa, har zuwa 1999 lokacin da Majalisarku ta fara aikin farfaɗo da shi.

Da kun ga dama, da kun bar wurin ya ci gaba da lalacewa, ku ce ai kufai ne na masu mallakar ƙasa waɗanda talakawan Ailan suka sha wahala a ƙarƙashin irinsu, kuma da wuya a sami mai zarginku. Sai dai kun lura da wani abu da nake ganin shi ne gaskiyar lamarin: masu gidan sun ba da umarni ne kawai, amma hannayen da suka haƙa ramuka, suka ɗauko duwatsun katanga, suka yi ban ruwa shekara da shekaru, hannayen mutanen wannan yanki ne. Gyara lambun da buɗe ƙofarsa ga kowa mayar wa jikokinsu da gumin kakanninsu ne. Na kuma yaba da yadda kuka bar kangon gidan yana tsaye da alamun abin da ya same shi, ba ku rushe shi ba, ba ku kuma yi masa kwalliyar da za ta ɓoye tarihinsa ba.

Aikin da ake yi a cikin lambun kansa ya nuna haƙuri da sanin makama. Mun bi doguwar hanyar nan da aka jera wa itatuwan araucaria, waɗanda asalinsu daga duwatsun ƙasar Chile ne, masu rassa cike da ganye mai kaifi, kuma ban taɓa ganin irinsu da yawa haka a wuri guda ba. Mun shiga lambun da aka kewaye da katanga, muka ga na furannin wardi da tsohon akurkin tantabaru na dutse. Ko'ina an share, an datse abin da ya kamata a datse, an bar tsofaffin itatuwa su tsufa da mutuncinsu, kuma babu tarkacen talla ko kiɗa da zai hana mutum jin kukan tsuntsaye.

Godiya ta musamman ga ma'aikacin da ya lura mahaifina yana dogara sanda, ya ajiye aikinsa ya zo ya nuna mana hanyar da ba ta da hawa da yawa, ya kuma faɗa mana inda kujerun hutawa suke. Da lokacin azahar ya yi na tambaye shi inda za mu yi salla ba tare da mun tare wa kowa hanya ba, sai ya kai mu wani gefe mai ciyawa nesa da masu wucewa, ya koma bakin aikinsa ba tare da wata tambaya ba. Mahaifina, wanda ya yi rayuwarsa yana noma, ya daɗe yana kallon yadda aka gyara gindin ƙananan itatuwan da aka dasa domin maye gurbin waɗanda suka faɗi, kuma ya ce in tabbata na isar da gaisuwarsa ga masu wannan aiki.

Ina roƙon ku miƙa wannan godiya ga ma'aikatan lambun ɗaya bayan ɗaya, da kuma mutanen Inistioge waɗanda suka riƙe ƙauyensu da tsafta, suka karɓe mu da fara'a. Allah Ya ƙara muku lafiya da ƙarfin ci gaba da wannan hidima.

Naku mai godiya,
Wani baƙo, a madadin mahaifinsa da iyalinsa.