Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Magajin Garin Mobile Kan Unguwar Africatown

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, daga Najeriya nake rubuto maka game da Africatown, unguwar da ke ƙarƙashin kulawarka a Alabama, wadda mu ma muke da jini a cikinta.

A 1860, shekara 52 bayan Amurka ta haramta shigo da bayi, jirgin ruwan Clotilda ya iso Mobile da mutum kusan 110 da aka sayo a Ouidah, 'yan ƙasashen da yau ake kira Benin da Najeriya. Aka ƙone jirgin, aka nutsar da shi don a ɓoye laifin. Da suka sami 'yanci a 1865 gida suka so komawa, kuɗin hanya ya gagara. Sai suka duƙufa, maza a injin katako, mata da tallan kayan lambu, suka tara kwabo-kwabo suka sayi fili, har daga hannun Timothy Meaher, mutumin da ya ɗauki nauyin kawo su. A nan suka kafa Africatown, suka naɗa shugaba, suka gina coci da makaranta, suka ci gaba da magana da harshen iyayensu.

Abin da bauta ta kasa rusawa, masana'antu sun kusa gamawa da shi. Kamfanonin takarda da sauransu sun yi wa unguwar zobe, babbar hanya ta ratsa tsakiyarta ta cinye shaguna, jama'ar da a da suka kai dubu 12 yau ba su wuce dubu 2 ba.

Na yaba da buɗe gidan tarihin Africatown Heritage House a 2023, bayan gano ɓaraguzan jirgin a 2019. Sai dai, ranka ya daɗe, baƙo ya zo ya kalli guntun katakon Clotilda, ya koma tsakiyar gari ya ci abinci ya kwana, me jikan Cudjo Lewis, ɗaya daga cikin waɗanda jirgin ya kawo, ya ƙaru da shi?

Roƙona shi ne kuɗin yawon buɗe ido ya zauna a unguwar. A ba 'ya'yanta jarin buɗe gidajen abinci da masauki, a ɗauke su aikin zagayawa da baƙi, domin tarihin kakanninsu ne. A gyara gidajen da suka lalace tun masu sayen filaye ba su kwashe su a araha ba. Makarantar Mobile County Training School, da ke da tushe tun 1880, a ba ta malamai da kayan aiki yadda iyaye za su daina kai yaransu wasu unguwanni. Kuma kada a ƙara ba wata masana'anta izinin zama kusa da gidajensu sai an zauna da mazauna unguwar an ji ta bakinsu.

Na gode, Allah ya taya ka riƙo.