Baba, ku bar Hamisu da zanensa

Zuwa ga Baba da Inna, a Tawa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan ta same ku lafiya, ku da dukan mutanen gida. Yaya ƙafar Inna? Mu nan Abijan lafiya lau muke, sai ruwa da ake yi ba dare ba rana. Allah ya koro shi wajenku. Na ji an yi shuka a wajen Illela, Allah ya sa ta kama.

Rubutawa na yi don maganar tana da tsawo, kuma ina jin nauyin in ja zance da ku a waya. Rabi za ta karanta muku. Kuɗin da na turo ta Nita jika 120 ne na sefa, wato dubu 120. Jika 70 na gida ne, a sayi hatsi da maganin Inna. Sauran 50 ɗin ba nawa ba ne, na Hamisu ne, guminsa ne, kuma a kansu nake roƙon ku saurare ni.

Na samu labarin kun yi masa faɗa, kun ce zane ba sana'a ba ce, tunda ya samu bak, takardar gama sakandare, ko dai ya jira konkur, jarrabawar ɗaukar ma'aikatan gwamnati, ko ya haɗa kayansa ya biyo ni nan kurmi kamar sauran ƴaƴan mutane. Na san ba ƙi kuke yi ba, Baba. Kuna ganin saurayi zaune ƙarƙashin bedi da alƙalami daga hantsi har azahar, babu abin da yake shigowa da shi gida, dole ranku ya ɓaci. Amma ina so ku ji abin da idona ke gani a nan.

Lokacin da na zo garin nan, mai surfani mutum ne. In Salla ta matso, sai an yi maka layi, har da ba ka kuɗin goro don a shiga gaba. Wuyan babbar riga guda kakan kwana biyu a kansa kana duƙe bisa keke. Yanzu an kawo kekunan kwamfuta masu kai huɗu, masu kai shida. A ɗaure shadda a firam, a loda zanen, a danna, sai ka ga allurai suna sauka tare kamar ruwan sama, kafin ka gama shan shayi wuya shida sun fito, babu wanda ya bambanta da ɗan'uwansa. Yaro ɗaya ne ke tsaye yana canza zare. Ga kuma kayan da ake shigowa da su ɗinkakku daga Sin, ga gwanjo tuli a kasuwar Ajame. Manyan gwanayen da na koyi aiki a hannunsu, wani ya koma gadi, wani ya koma gida. Hannunsu bai lalace ba, kasuwar hannun ce ta faɗi.

Amma keken nan duk saurinsa ba ya ƙago komai. Abin da aka ba shi, shi yake maimaitawa. Kuma da yake kowane shago zanen iri ɗaya yake kwasowa daga intanet, sai garin ya cika da riga iri ɗaya. A nan ne kuɗin ya koma yanzu, wajen wanda zai fito da abin da ba a taɓa gani ba.

Kafin Sallar Layya wata Hajiya mai sayar da atamfa ta kawo mini shadda, za ta aurar da ɗiyarta. Na miƙa mata waya tana duba zanukan da muke da su, tana turawa da yatsa tana yamutsa fuska. Ta ce, "Tela, duk na gan su a jikin mutane. Ni ina son wanda in na shiga taro za a tambaye ni wa ya ɗinka." Sai na buɗe mata hotunan da Hamisu ke turo mini ta WhatsApp. Ta tsaya a kan guda, ta buɗa shi da yatsu biyu, ta kai shi kusa da ido. Ta ce na Dakar ne ko na Dubai? Na ce na Tawa ne, ƙanena ne ya zana. Inna, zanen bakin ƙwaryarku ce ta aure, wadda ke rataye a ɗaka, mai ƙananan kusurwoyin nan da ke bin juna. Ya ɗauko shi ya ja shi tsaye, ya sa ya sauko daga kafaɗa zuwa ƙirji, ya ƙulla ƙarshensa da wani abu mai kama da kan azurfar Buzaye. Hajiya ba ta nemi ragi ba. Ta sa aka yi wa ƴan'uwanta anko da shi, bayan biki kuma mata biyu suka zo da hoton a waya suna nema. Daga nan jika 50 ɗin suka fito. Da ma sun fi haka, sai dai kowane zane sai na biya wani yaro ya mayar da shi yadda keken zai iya karantawa, da wata manhaja da ake kira Wilcom. Abin da nake biyan yaron nan na fi so ya tsaya a gidanmu.

Kada ku ce a ɗinki kaɗai ne. Ku dubi garba, abincin nan na aceke, wato dambun rogo, da soyayyen kifi da ya cika Abijan. Rogon nasu ne, kifin na tekunsu ne, amma mutanenmu na Nijar ne suka yi suna wajen haɗa su a sayar wa mai ƙaramin ƙarfi, har gidaje da yawa a Adar da kuɗin garba aka gina su. To yau ko a cikin masu garbar an rabu. Akwai wani ɗan garin Buza kusa da mu da ya ga ma'aikatan ofis suna son abincin amma ba sa son tsayuwa a rumfa. Ya sayi robobi masu murfi, ya tara lambobinsu, da safe su yi oda ta waya, su biya ta Wave, yaro ya kai musu a kan babur. Maƙwabcinsa kifi ɗaya suke saye, mai ɗaya suke suya da shi, amma shi yana zaune yana jiran wanda zai wuce. Kafin azahar ɗan Buza ya wanke kwanoninsa.

Wanda ya zo da ƙarfinsa kaɗai kuwa, shi ke shan wuya. A 2024 aka hana tallan yawo a manyan titunan birnin nan, aka hana tura amalanke, aka rushe rumfuna da unguwanni da dama. Samarinmu da yawa da suka zo biɗa da waɗannan ayyukan suka dogara. Ina ganinsu a masallaci bayan isha'i, wani kuɗin motar komawa ma ba shi da su. Ba na son Hamisu ya shiga wannan sahun alhali Allah ya ba shi abin da ya fi ƙarfin damtse.

Baba, ku kanku kun fi ni sanin wannan magana. Ku kuka ba mu labarin tassa. A 1989 aka kai wasu manoman Illela yankin Yatenga a Burkina, suka ga yadda ake haƙa ramu a ƙasar da ta mutu, a zuba taki, gara ta shiga ta huda ƙasa, ruwa ya zauna. Suka dawo suka gwada. Kun ce har dariya aka yi wa masu haƙa rami a kan fako da rani. Bayan ƴan shekaru fakon da ko kyauta ba a so sai ga shi ana sayensa da kuɗi, samari suna samun aikin haƙar tassa a gonakin mutane. Gonarmu ta kan tudu da haka kuka raya ta, da geronta aka yi mini kuɗin motar zuwa nan. Can Burkina, Yakuba Sawadogo da ya gyara dabarar, mahaukaci aka fara ce masa, amma a 2018 sai da aka ba shi babbar kyauta ta duniya a Suwidin. Ramin da takin duk an san su tun kaka da kakanni. Wanda ya zauna ya yi tunanin haɗa su ta wata hanya shi ya kawo sauyin.

Ina ɗinki ina sauraren rediyo, kuma maganar da ake ta yi ke nan a ko'ina. Masu taron tattalin arzikin duniya da ake yi a garin Davos sun fitar da rahoto a farkon 2025, sun ce daga nan zuwa 2030 ayyuka miliyan 92 za su ɓace a duniya, wasu miliyan 170 su fito, kuma cikin abin da masu ɗaukar ma'aikata suka fi nema har da iya ƙago sabon abu. Mu a Nijar kusan rabinmu yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Wace gwamnati ce za ta ba wannan taron aikin ofis? Kuna ganin masu digiri nawa ne a unguwa suke jiran konkur, da ƴan kwantaragi nawa ke koyarwa suna haɗawa da kabu-kabu da yamma.

Gaskiya ita ce har zanen ma yanzu akwai manhajar da ke yi. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022 irinsu suka yawaita, ka faɗa musu abin da kake so su zana maka nan take. Yaran shagonmu suna gwadawa. Abin yakan fito da ƙyalli, amma sau da yawa ba ya ɗinkuwa, don bai san inda shadda ke tattarewa ba, bai san inda mayafi zai rufe ba, kuma bai taɓa shiga ɗakin Inna ba. Hamisu ya san waɗannan. In ya haɗa da sanin na'urar, ita za ta yi masa aiki.

Saboda haka ga roƙona. Ba na cewa ya bar karatu, a'a, ya yi rajista a jami'ar Djibo Hamani nan gida kamar yadda ya so, takarda tana da ranarta. Amma ku bar masa zanensa, ku sa masa albarka. In abin da ke damunku maganar addini ce, ba hoton mai rai yake yi ba, ado ne irin na bangon masallaci da na allon zayyana, kuna iya nuna wa Malam ya gani. Jika 50 ɗin a ajiye masa, kada a taɓa. In na ƙaro bayan wata biyu sai a haɗa a saya masa kwamfuta ta hannu ko da tsohuwa ce, da ɗan faifan sola saboda ɗaukewar wuta. Yaron da nake biya ya yarda zai koya masa aikin ta waya. Zanen ba ya buƙatar mota ko takardar ƙetare iyaka, daga Tawa zai turo mini, kuma akwai teloli a Yamai da Ƙonni da na san za su saya.

Hamisu, in kana kusa kana ji: ranar Lahadi ka shiga kasuwa wajen dukawa da masu tabarmi da masu ƙwarya, ka gaishe su, ka nemi izini kafin ka ɗauki hoton kayansu. Ina buƙatar zane uku na wuyan maza kafin Mauludi, kada su cika yawa, masu kuɗin nan sun fi son abu kaɗan mai tsabta.

Rabi, yadin da kika ce na ba wani ɗan Keita da zai taso mako mai zuwa, tare da man zafin Inna. In an samu mai zuwa a aiko mini da cuku da ɗan kilishi. A gaida Kawu da iyalinsa, da Gwaggo, da Malam, a ce ina neman addu'a.

Wassalam.

Ɗanku,
Isuhu