Zuwa ga aminina, kan wasan Kiguunda da Kioi

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida ya iyali, ya sanyin wajenku? Mu nan lafiya lau alhamdulillah.

Wani wasan kwaikwayo na karanta ya hana ni sakat, Ngaahika Ndeenda, wanda Ngugi wa Thiong'o da Ngugi wa Mirii suka rubuta da yaren Kikuyu, aka yi shi a dandalin ƙauyen Kamiriithu kusa da Limuru a Kenya a 1977. Ƴan wasan ma manoma ne da leburorin masana'anta, su da kansu suka gina dandalin.

Kiguunda lebura ne a gonar wani attajiri Kioi, abin da ya mallaka a duniya fili ne eka ɗaya da rabi, takardar filin ma a bango ya rataye ta yana alfahari da ita. Ranar da aka ce su Kioi za su zo gidansa sai ka ga matarsa Wangeci ta rikice, ana shara ana girki har gishiri sai da aka aika aro maƙwabta, ita a zatonta maganar auren ƴarsu Gathoni da ɗan Kioi ce ta kawo su. Ashe zuwa suka yi su ce musu auren gargajiyar da suka yi ba aure ba ne sai an sake ɗaurawa a coci, kuma a gefe ana hangen filin nan don a gina masana'antar maganin ƙwari.

Wallahi inda ya fi ci min rai shi ne da su Kiguunda suka je gidan Kioi suka tarar ana cin abinci, ga ruwa a kan tebur amma aka ce a ɗebo musu na duron da ke waje. Ba zagi ba duka, ruwan sha kawai aka bambanta, kuma Wangeci ta gani ta haɗiye saboda tana son ƴarta ta shiga gidan. Ni ban ga laifinta ba ko kaɗan, uwa ce, talauci ya ishe ta. Ka san irin zaman nan da talaka ke yi a falon mai kuɗi a ɗofane a bakin kujera, to shi ne aka ɗora a dandali.

Daga nan komai ya rushe, Kiguunda ya kai takardar filin banki ya ci bashi don hidimar biki, yaron ya yi wa Gathoni ciki ya ce bai san zancen ba, aka kori Kiguunda daga aiki, banki ya yi gwanjon filin, kuma Kioin ne ya saya.

Gwamnati ba ta ɗauke shi wasa ba. Bayan kamar sati shida ta janye izinin nuna shi, a ƙarshen Disamba 1977 aka kai Ngugi wa Thiong'o gidan yarin Kamiti ba tare da shari'a ba, sai da ya yi kusan shekara, a 1982 kuma aka rushe dandalin gaba ɗaya.

Don Allah ka nema ka karanta, akwai fassarar Turanci, ina so in ji ra'ayinka a kan Wangeci musamman. Ka gaida madam da yara, ka gaida su Umma.

Naka,
Abokinka