Wasiƙa ga Iyaye: Rena Wakama da Sabuwar Ƙungiyar Ƙwallon Kwando ta 'Yan Matanmu

Zuwa ga iyaye da masu riƙon ɗalibai,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da iyalanku, muna sanar da ku cewa a wannan zango makarantarmu za ta buɗe ƙungiyar ƙwallon kwando ta 'yan mata. Tun da aka yi shelar hakan a taron safiya, wasunku suka aiko da saƙo, wasu kuma suka tako da kansu, suna tambayar abin da 'ya mace za ta amfana da shi a wannan wasa. Tambayar tana bisa hanya, shi ya sa muka ga ya kyautu mu amsa ta da tarihin Rena Wakama, matar da ta horar da D'Tigress, ƙungiyar matan Nijeriya, har ta kai inda wata ƙungiyar Afirka ba ta taɓa kaiwa ba.

An haifi Rena Wakama a 1992 a birnin Raleigh na jihar Karolina ta Arewa a Amurka, amma iyayenta 'yan Okrika ne ta jihar Ribas. Ta yi shekara huɗu tana buga wa Jami'ar Western Carolina wasa, kuma a can ta kammala digirinta na farko a 2014. A 2015 ta bi tawagar D'Tigress zuwa gasar Afirka da aka yi a Kamaru, inda Nijeriya ta zo ta uku, sannan ta buga wa ƙungiyar First Bank ta Legas wasa a gasar zakarun nahiyar. Iya abin da za a faɗa game da wasanta ke nan, domin ba ta daɗe a fili ba, ba ta kuma yi sunan da wasu sa'o'inta suka yi ba.

Abin da ya biyo baya shi muka fi so iyaye su duba da kyau. Da ta koma Amurka, ta kama aiki a Kwalejin Manhattan da ke New York, kuma ba koci aka ɗauke ta ba da farko. Shekara biyu ta yi tana kula da harkokin gudanarwa na ƙungiyar mata, irin aikin da ya haɗa da shirya tafiye-tafiye da masauki da jadawalin atisaye, wanda ɗan kallo ba ya gani balle ya tafa wa mai yin sa. Tana cikin wannan hidima ta yi digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, ta gama a 2019, kafin ta shafe shekara huɗu a matsayin mataimakiyar koci. A ganinmu na malamai, waɗannan shekaru shida da ba a cika ambatonsu a jarida ba su ne tubalin duk abin da ta gina daga baya.

A watan Yuni na 2023 aka naɗa ta babbar kocin D'Tigress tana da shekara 31, ita ce mace ta farko da ta riƙe muƙamin, kuma saura kimanin wata guda a fara gasar Afirka a Kigali ta Ruwanda. A wasan ƙarshe Nijeriya ta doke Senegal da maki 84 da 74, Wakama ta zama mace ta farko da ta ci kofin a matsayin koci tun da aka fara gasar a 1966. Duk da haka akwai masu cewa ƙungiya ce da ta riga ta ci kofin sau uku a jere, don haka tuwon da wasu suka tuƙa ta zo ta kwashe.

Gasar Olamfik ta Faris a 2024 ce ta kashe bakin masu wannan magana. D'Tigress ta doke Ostareliya da 75 da 62, nasarar farko da matan Nijeriya suka samu a Olamfik tun 2004. Faransa ta yi galaba a kansu a wasa na biyu, amma suka farfaɗo suka ci Kanada da 79 da 70, abin da ya sa suka zama ƙungiyar Afirka ta farko, ta maza ko ta mata, da ta shiga sahun takwas na ƙarshe a ƙwallon kwandon Olamfik. Amurka ce ta tsayar da su da 88 da 74, sai dai hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ta zaɓi Wakama a matsayin kocin da ta fi kowa bajinta a gasar mata. A 2025 kuma ta sake ɗaukar kofin Afirka a Abijan bayan doke Mali da 78 da 64, na biyar ke nan a jere ga Nijeriya, kuma a shekarar ce ta fara aikin mataimakiyar koci a ƙungiyar Chicago Sky ta gasar ƙwararrun mata ta Amurka.

Mun san damuwar da yawa daga cikinku ita ce sutura da karatu. Game da sutura, tun 2017 FIBA ta amince 'yan wasa su rufe kansu a fili, don haka 'ya'yanmu za su yi atisaye da ɗan hijabi da doguwar riga da dogon wando, ƙarƙashin kulawar malama mace. Game da karatu, duk ɗalibar da sakamakonta ya ja baya za a dakatar da ita har sai ta gyara. Za kuma mu ba wasu ɗalibai aikin riƙe littafin maki da ajiyar kayan wasa, domin mai sha'awa amma ba ta son gudu ita ma ta sami gurbi.

Atisaye zai riƙa gudana sau biyu a mako bayan tashi daga aji, kuma za a sallami yara kafin la'asar. Ba za a karɓi kowace yarinya ba sai da sa hannun mahaifi ko mariƙi a takardar izinin da ke haɗe da wannan wasiƙa, wadda muke roƙon a maido wa malamin aji kafin ƙarshen mako mai zuwa.

Wassalam,
Shugabar Makaranta